Ɗakin Da Sakatarsa Ke Waje

Shafi na 11

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Injiniya tsaye a tasha da jaka a kafaɗa, na ji ku, ita ma ƙafarta ta gaji. Wanda yau ya fara karatu kuma, ga inda muka kwana: gyaran keken ɗinki ne sana'arta, gari-gari take bi ita kaɗai tun da idon babanta ya yi rauni. Wata tela ce ta kira ta zuwa wannan ƙaramin gari. Mota ta lalace a hanya, ba su iso ba sai da rana ta yi sanyi, lambar telar kuma ta ƙi shiga. Shugaban tasha, wanda kowa ke kira Shugaba, shi ya nuna mata masauki ɗaya tilo da ke garin.

*

Mai masaukin ya tura ƙofar ɗakin ƙarshe da ƙafa, ya ja gefe.

"Ga shi nan. Shi kaɗai ya rage."

Injiniya ba ta shiga ba. Daga bakin ƙofa ta bi ɗakin da kallo: gadon ƙarfe, katifa ta lotsa a tsakiya, bokiti, sai 'yar taga mai kallon wani kango.

"Sauran ɗakunan da muka wuce fa?"

"Da mutane."

"Mutanen da ba takalminsu a ƙofa, ba shanyarsu a igiya?"

"Malama, ɗaki kike so ko ƙidayar jama'a aka turo ki?"

Ta sauke jakarta, ta jawo ƙofar ta leƙa bayanta. Ta ciki babu sakata, sai ramukan ƙusoshi inda aka cire ta. Ta waje kuwa ga sakata nan sabuwa, har da maiƙo a jikinta.

"Ina sakatar ciki?"

"Ta lalace."

"Ta lalace, sai ta kwance kanta, ta zagayo waje ta ɗaure kanta?"

Ya haɗe rai.

"Ga makulli a hannunki. Ki kulle ki kwanta."

"Makulli nawa ƙofar ke da shi?"

"Ɗaya."

"Kalle ni ka faɗa."

Bai kalle ta ba. Ya juya yana gyara wuyan riga.

"In bai miki ba, ga hanya. Sai dai babu mota sai gobe, kuma garin nan ba a buɗe wa macen da ba a san asalinta ba ƙofa. Bari in sa a kawo miki ruwa."

Yana ɓacewa ta ji ƙarar tsintsiya a bayanta. Wata tsohuwa ce mai shara, wadda ta ji mai masaukin yana kira Gwaggo lokacin da suke shigowa. Wuri ɗaya take ta sharewa a bakin ƙofar, wurin da ko ƙura babu.

"Sannu da aiki, Mama."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Da tsintsiyar take magana.

"'Yar nan, kada ki kwana a ɗakin nan."

"Saboda me?"

"In kunne ya ji, jiki ya tsira."

"Kunnena bai ji komai ba tukuna, Mama. Faɗa min."

Gwaggo ta waiga hagu da dama, ta matso har tsintsiyar na taɓa takalmin Injiniya.

"Makulli biyu ne. Ɗayan yana wurin wanda ya nuna miki hanyar nan."

"Shugaba?"

"Duk motar da ta shigo, shi yake tarbar ta. In ya ga mace ba kowa a bayanta, sai ya turo ta nan, ya bugo wa yaron nan mai masauki waya. Ɗakin ƙarshe. In gari ya yi shiru a zura sakata ta waje, don kada ta fita. Shi kuma ya zo lokacin da ya ga dama."

Injiniya ta ƙura mata ido. Ta dafa bango.

"Kin gani da idonki?"

"Ni nake wanke zanen gadon."

Injiniya ta waiga ta dubi gadon.

"Ba wadda ta taɓa kai ƙara?"

"Ta kai wa wa? Motar farko suke bi da asuba, fuska a rufe. Wadda ta yi magana, tambayar farko da za a yi mata ita ce me ya fito da ita daga gida ita kaɗai."

"Ke fa, Mama? Me ya rufe miki baki?"

"Ɗan ƙanina ne mai masaukin. A nan nake ci, a nan nake sa haƙarƙarina. In na buɗe baki ina za ni da wannan bayan nawa?" Ta share hanci da gefen zane. "Akwai ɗakin da nake ajiye tsintsiya da bokitai. Ki shiga can in rufe ki da tabarma, da asuba in fitar da ke ta ƙofar baya."

"Na gode, Mama. Amma ban yi sata ba, ba zan ɓuya ba."

"'Yar nan, ba ki san mutumin nan ba."

"Shi ma bai san ni ba."

Ta tsuguna ta zuge jakarta, ta zaro sukudireba. Gwaggo ta ɗora hannu a ka, ta ja tsintsiyarta ta yi gaba da sauri.

Tana kan kwance ƙusar ƙarshe mai masaukin ya dawo da gorar ruwa a hannu.

"Me kike yi wa ƙofata?"

"Gyara. Ka ce ta lalace."

"Mayar da ita yadda kika same ta."

"Zan mayar. Bari mutanen gari su fara ganin ta."

Ya kai hannu zai ƙwace. Ta miƙe tsaye, sukudirebar a hannun dama, tsininta na kallon ƙasa.

"Malam, da wannan hannun nake ɗaga kan keken ɗinki in ɗora a mota. Kada ka gwada."

Ya tsaya. Ta rataya jakarta, ta raɓa shi ta wuce.

A ƙofar masaukin akwai teburin mai shayi, maza sun cika bencina. Mata na wucewa da jarkokin ruwa. Shugaba na zaune a tsakiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullan babur.

Injiniya ta buga sakatar a kan teburin har kofuna suka yi ƙara.

"Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Baƙuwa ce ni, tambaya na zo da ita. A garinku, ɗakin baƙo ta ciki ake kulle shi ko ta waje?"

Mai shayi ya tsaya da buta a sama.

"Wannan daga ƙofar ɗakin da aka ba ni na ciro ta. Ta waje. Ni na san akuya ake yi wa haka."

Wani mai gemu ya yi gyaran murya.

"Ke kuma me ya kawo ki garin mutane ke kaɗai?"

"Abin da ya kai ka kasuwa, Baba. Neman halali."

"Ba ki da miji?"

"Sakatar ce ta aiko ka ka tambaye ni?"

Wasu matasa suka fashe da dariya, suka haɗiye ta da sauri da Shugaba ya dube su. Ya yi murmushi, ya sauke ƙafarsa.

"Ƙanwata, gajiya ce. Hanya ta wahalar da ke. Koma ciki ki huta, ni da kaina zan sa a gyara miki ƙofar."

"Ba ni da yaya a garin nan."

"Ni na taimake ki ɗazu."

"Ka taimake ni. To ƙarasa taimakon, fito da makulli na biyu."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna shi.

"Wane makulli?"

"Na ɗakin ƙarshe."

"Wa ya faɗa miki wannan maganar?"

"Ban ji ka ce ƙarya ba ce. Wa ya faɗa kake tambaya. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Matan da ke wucewa suka rage tafiya. Wata ta sauke jarkarta gaba ɗaya. Shugaba ya miƙe a hankali, ya karkaɗe rigarsa.

"Yarinya, baki shi ke yanka wuya. Rana ta kusa faɗuwa. Duba nan da kyau ki ga ko akwai mai ba ki wurin kwana." Ya bi mazan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Akwai?"

Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

"Kin gani. Duk motar da za ta fita daga garin nan, sai na ce ta fita. Za ki neme ni."

Ya hau babur ɗinsa ya nufi tasha. Mai masaukin ya koma ciki yana ƙwala wa Gwaggo kira.

Injiniya ta ja ƙarshen benci ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"A nan zan kwana," ta ce. "A gaban idon kowa. In wani abu ya same ni, ku ne shaidu."

Mai shayi ya sosa ƙeya.

"Hajiya, ni fa in na tashi da bencina nake tafiya."

"Tafi da su. Ƙasa ba taka ba ce."

"Ba za ki kwana a ƙasa ba."

Muryar mace ce daga bayanta. Doguwa ce, awon tela rataye a wuyanta, guntayen zare a jikin mayafinta.

"Ke ce mai gyaran keke? Ni na kira ki. Wayata ce ta mutu, tun safe ba wuta. Yanzu wata maƙwabciya ta ce min ga wata baƙuwa can tana tada ƙura da sakata, na ce to tawa ce." Ta ɗauki jakar. "Taso, ƙanwata."

Mai gemun ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Mazan suka bi su da wani irin kallo har suka sha kwana. Injiniya ta ɗauka kunya ce ta kama su.

Gidan telar ba nisa. Ɗakin aikinta na kusa da ƙofar shiga, cike da yadudduka da rigunan da ba a gama ba. Ta shigar da ita, ta tura ƙofa, ta zura sakata.

"Ta ciki ce, kin gani."

Sai a lokacin Injiniya ta saki numfashi. Ta sha ruwan da aka ba ta, ta wanke fuska. Sannan ta ja kujera gaban keken ɗinkin telar.

"Me yake yi miki, Yaya?"

"Tsinka zare, da tsallake ɗinki. Bar shi sai gobe."

"Bari in taɓa. In hannuna na aiki zuciyata tana kwanciya."

Ta kwantar da kan keken tana leƙa cikinsa. Telar ta tsaya a kanta tana kallo. Can sai ta kwance bakin zanenta, ta ajiye wani abu a kan teburin keken.

Makulli ne.

"Ina wanda aka ba ki? Haɗa su."

Injiniya ta laluba aljihu ta fito da nata. Ta ɗora ɗaya kan ɗaya. Haƙoransu suka hau daidai.

"A ina kika samo wannan?"

"A aljihun rigar mijina. Yau da safe, da zan yi wanki."

Injiniya ta ɗago a hankali.

"Wane ne mijinki?"

"Wanda kika ce ya fito da shi."

Kujerar ta faɗi da ta miƙe. Ta fizgi jakarta ta nufi ƙofa.

"Gidansa kika kawo ni?"

"Ɗakina na kawo ki."

"Baƙo ko da ido makaho ne, amma ban zaci makantar tawa ta kai haka ba. Matsa min."

Telar ta jingina bayanta da ƙofar.

"Fita ki je ina? Kowane gida a layin nan akwai mai cin abinci a tasharsa. Wannan ɗakin da kuɗin allurata na sa masa ƙofa, shi kaɗai ne ɗaki a garin nan da mijina ba shi da makullinsa."

"Tun yaushe kika sani?"

"Da daɗewa."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Kina dafa masa abinci, kina wanke masa rigar da makullin ke ciki."

"Ina yi." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Duk lokacin da na tarar da shi a aljihu, mayarwa nake yi. Yau ma da niyyar mayarwa na ɗaure shi a zane. Sai aka ce min wata ta tsaya gaban mai shayi ta faɗa da ƙarfi. Ban taɓa jin maganar nan a waje ba, ƙanwata. A cikin kaina kawai nake jin ta."

Kafin Injiniya ta ba ta amsa, ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Takun mutane da yawa ya biyo baya, da kukan wata tsohuwa ƙasa-ƙasa.

Aka daki ƙofar.

"Buɗe."

Telar ba ta motsa ba.

"Na ce ki buɗe. Ko ki fito min da baƙuwar nan, ko ki fito da kayanki."

"Kada ki amsa," telar ta raɗa. "Zai gaji ya tafi."

"Kukan wa nake ji?"

"Ki bari, ƙanwata."

"Mama ce. Saboda ni suka jawo ta."

Injiniya ta ajiye jakarta, ta ɗauke hannun telar daga kan sakata, ta zare ta da kanta.

Tsakar gidan ya cika. Maƙwabta maza da mata, mai gemu, har mai shayi da tawul a kafaɗa. Mai masaukin na riƙe da hannun Gwaggo, ɗaurin kayanta a yashe a ƙasa. Shugaba na gaba, hannuwa a baya.

"Ga ni," in ji Injiniya. "Sake ta."

"Za a sake ta," Shugaba ya ce. "Tsohuwa ce, kanta ya fara juyewa. Gwaggo, faɗa wa jama'a ke kika ƙirƙiri maganar, ki ɗauki kayanki ki koma ɗakinki."

Gwaggo ta dubi ɗaurin kayanta, ta dubi ƙasa.

"Ke kuma," ya juyo kan Injiniya, "a gaban mutanen da kika ɓata min suna za ki janye. In kin janye, gobe ni zan sa ki a gaban mota."

"In ban janye ba fa?"

"Ki ga yadda za ki bar garin."

"Da ƙafa na iya tafiya tun kafin in san mota. Ban janye ba. Ko harafi ɗaya."

Ta ɗaga makullan biyu sama.

"Wannan nawa ne, mai masauki ya ba ni ya ce shi kaɗai ne. Wannan kuma a tambayi Shugaba daga aljihun wa ya fito."

Guna-guni ya tashi. Idon Shugaba ya tsallake ta ya sauka kan matarsa, ya daɗe a can. Sannan ya yi dariya, ya buɗe hannuwa ga jama'a.

"Makulli. Ni da nake sauke baƙin garin nan, laifi ne in riƙe makullin masauki? Ku kun san ni. Tun ina saurayi nake tashar nan. Wace mace ce ta taɓa zuwa ta ce na yi mata wani abu? A kawo ta. Mace ɗaya tak, ta tsaya a nan ta faɗa da bakinta. In an samu, ku yi min duk abin da kuka ga dama."

Ba wanda ya yi motsi. Mai gemu ya fara gyaɗa kai.

"Kun gani," Shugaba ya ce. "Babu."

"Akwai."

Telar ce. Ta fito daga bayan Injiniya, ta cire awon daga wuyanta ta ajiye a bakin taga.

"Koma ciki," ya ce mata a hankali.

"Mace ɗaya ka ce."

"Uwar yara, ki koma ciki."

Ta wuce shi ta tsaya a tsakiyar gidan, ta juya ta fuskanci maƙwabtanta.

"Duk kun san ni ba 'yar garin nan ba ce. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi na zauna. Da kekena a bayan mota na iso, ni kaɗai, da yamma kamar wannan."

Gwaggo ta ɗago kai. Shugaba ya yi taku ɗaya zuwa wurinta.

"Kafin in zama matarsa," telar ta ce, "a ɗakin ƙarshe aka sauke ni."